Shuɗiyar Garkuwa

Ranar da ƙanin matarsa ya ja kujera gaban kwamfutar gidan ya ce, "Bari in sa muku wani abu," ranar zaman lafiyar gidan ya ƙare. Babu wanda ya sani a lokacin. Har shayi aka ba shi, ya nemi ƙari.

Jan Biro ake kiran maigidan. A maɗaba'a ya samo sunan, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin ganinsa yana gyaran rubutun mutane. Bai taɓa wallafa littafi ba, amma ya hana littattafai da yawa fita tsirara. Mutum ne da in ka gaishe shi da kuskure sai ya gyara maka gaisuwar kafin ya amsa. Matarsa kaɗai ta iya da bakinsa. Malama ake ce mata, don a firamare ta koyar har ta yi ritaya. In ya yi mata gatse ba ta ko ɗaga kai. Sai ta ce, "To, an ji. Miƙo min tsintsiya."

Ba a daɗe ba kafin ranar, likita ya gaya musu ciwon daji ne ke damun Malama, a hanta, kuma ya yi nisa. Da suka fito suka zauna a bencin da ke bakin ɗakin magani, ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu.

"Baban Tilo, daga ni sai kai."

"Yarinyar fa?"

"Ita ce ma ba na so ta ji."

Tilo ce 'yarsu, ba su da wata. Ciki biyu ya zube mata, na ukun nan da ƙyar ya zauna. Likitoci sun ce ta kwanta, kar ta ɗaga ko bokiti, kar a tayar mata da hankali.

"Sai ta sauka lafiya," in ji Malama. "Sannan ni da bakina zan gaya mata."

"Yarinyar ba makauniya ba ce. Za ta ga idonki ya canza."

"Sai in ce ciwon shawara ne."

"Ƙarya a bakin malamar tarbiyya. Duniya ta zo ƙarshe."

"Ka yi min alkawari."

"Na ji."

"Ba na ji na tambaye ka ba."

Ya yi alkawarin. Amma bai daina mita ba. Da safe ya ce a gaya wa yarinyar, da yamma ya ce ɓoyewar zalunci ce, har Malama ta fara tashi daga falo in ya buɗe baki.

Ita kuwa karatu ta kama. Mace ce da ba ta yarda a yi mata jarrabawar da ba ta yi shiri ba. Ta zauna gaban kwamfuta da tabarau a ƙarshen hanci, tana tambayar intanet abin da ta kasa tambayar likita. Abu guda ya dame ta. Ta taɓa duba takalmi a intanet sau ɗaya, tallan takalmin nan ya bi ta shafi shafi har ta tsane shi.

"Kar wata rana in buɗe gaban baƙo, asibiti ya faɗo kan allo," ta ce.

Shi ya sa Jan Biro ya kira ƙaninta. Injiniya ake ce masa, ko da yake iyakar injiniyancinsa shago ne na sayar da caja da murfin waya. Ba a gaya masa komai ba, an dai ce talla ta ishe su.

"Ƙaramin aiki," in ji Injiniya. "Ekstenshan za a sa. Ɗan ƙari ne da ake maƙala wa burauza, wato manhajar shiga intanet, shi zai riƙa korar masu leƙe."

Ya buɗe shafin da ake zaɓa. Suna nan birjik, kowanne na rantsuwa shi ne mai rufin asiri. Jan Biro ya sunkuyo ta kafaɗarsa ya nuna wani mara ado, mai dogon bayani.

"Wancan fa?"

"Haba Yaya, wannan na 'yan wahala ne, sai ka wuni kana saiti. Ga na mutane." Ya nuna wani mai hoton shuɗiyar garkuwa. "Dubi taurari. Biyar cif. Kuma kyauta."

"Wa ya yi shi?"

"Kamfani."

"Wane kamfani?"

"Burodin da ka ci da safe, ka san sunan wanda ya kwaɓa?"

Malama ta yi dariya daga kicin. Injiniya ya danna, wani ɗan akwati ya fito yana neman izini. Jan Biro ya karanta a fili, a hankali, yadda yake karanta gurguwar jimla. Garkuwar tana so a bar ta ta karanta, ta kuma canza, duk abin da ke kowane shafi da aka buɗe.

"Duka?"

"Duk haka suke cewa. Mai gadi ai sai ya ga cikin gida."

"Mai gadina bai taɓa shiga ɗakin kwanana ba."

"Yaya, wallahi da kai ne mai ba da izinin haihuwa, da har yanzu ba a haife ni ba."

"Da an huta."

Injiniya ya danna amincewa yana dariya. Kuma abin ya yi aiki, nan ne baƙin cikin. Talla ta ɓace. Shafuka suka zama fes. A kusurwar allo garkuwar tana ƙirga maƙiyan da ta ce ta kora. Malama ta saki jiki. A nan ta riƙa neman ranar ganin likita, a nan ta cike bayanan asibiti. Da suka nemi lambar wani ɗan'uwa ban da miji, ta sa ta Tilo, tana cewa ai ba sa kira sai in mutum ya mutu.

Wata rana da tsakar rana tasi ta tsaya a ƙofar gida. Tilo ce ta fito, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙasan ciki, silifas ɗinta ma ba iri ɗaya ba. Ba ta yi sallama ba.

"Mama, da gaske ne?"

Wani mutum ne ya kira ta. Muryarsa mai laushi, ya yi mata jaje, ya ce suna da maganin da ke narkar da ciwon daji na hanta, an gwada an gani. Ya ce sun san mahaifiyarta ba ta iya kwanciya ta gefen dama. Sun san tana tunanin daina zuwa asibiti. Ya ce kar ta bari a makara. Da ta tambaye shi inda ya samu lambarta, ya ce daga wajen iyali.

Malama ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta shafa mata baya har kukan ya lafa. Sannan ta juyo. Maganar gefen dama ko likita ba ta gaya wa ba. Maganar daina zuwa asibiti kuwa a kan matashi ta faɗe ta, ga mutum ɗaya.

"Baban Tilo. Kai ne?"

Shekara talatin da ɗoriya, bai taɓa buɗe jakarta ba, bai taɓa kai maganarta ko gidan uwarsa ba, yau ita ce ke tambayarsa gaban 'yarsa kamar ɗan aji uku da aka kama da alli a aljihu. Bakinsa ya riga shi.

"Ni ne mana. Har gidan rediyo na kai, sun ce sai bayan labarai."

Ya jira ta aike shi tsintsiya. Ta dube shi kawai, ta ce, "To."

Daga ranar ta koma yi masa ladabi. In ya kawo ruwa ta ce an gode. In ya tambayi jiki ta ce da sauƙi. Ko da ya ji ta tana nishi ta bayan ƙofa, in ya shiga sai ta gyara ɗankwali ta ce ba komai. Da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Shi kuma ya ɗaure fuska yana jiran a ba shi haƙuri. Da ya ga ba za a ba shi ba, sai ya yanke shawara irin ta mai gyaran rubutu. A maɗaba'a ba a mayar wa marubuci shafi a ce akwai kuskure, sai an ja layi a ƙarƙashinsa. Zai nemo wanda ya yi, ya kawo mata shi a hannu, sannan ya ga da wane ido za ta dube shi. Ya kira lambar mai laushin murya, a kashe. Ya je asibiti ya yi wa ma'aikatan ajiyar bayanai tas, har mai gadi ya rako shi bakin titi. Ya zargi mijin Tilo, ya zargi mai kemis, ya daina gaisa da maƙwabciya.

Yana wannan farauta naƙuda ta kama Tilo, wata bai cika ba. Yaron ya zo da rai, ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba. A waya Malama ta ga jikanta, don lokacin ba ta iya tashi. Ta daɗe tana kallon hoton. Ba ta ce masa zo ka gani ba.

Kafin a sallami yaron Malama ta rasu. Da hantsi ne, yana ɗakin magani yana faɗa da wani a kan layi.

Masu ta'aziyya suka zo suka tafi. Gidan ya koma shi da firij mai gurnani. Injiniya ya yi kuka fiye da kowa, ya kuma tafi da rediyonta don tunawa.

Bayan wani lokaci idonsa na hagu ya fara yana. Ya buɗe kwamfutar a karon farko tun rasuwar, ya nemi ranar ganin likitan ido, ya ɗan karanta yadda ake aikin. Garkuwar na nan a kusurwa tana ƙirga maƙiya.

Bai kai ga ganin likitan ba waya ta yi ƙara.

"Baba, barka da rana. Mun samu labarin yanar idonka. Muna da wani ɗigo da ke wanke ta ba tare da an taɓa ka da wuƙa ba."

"Wa ya ba ku lambata?"

"Daga wajen iyali, Baba."

Ya dubi falon. Kujerarta, tabarau ɗinta a kan talabijin. Iyali.

Bai yi ihu ba. Ya zauna ya yi abin da ya iya, wato gwada kwafi biyu. Ya kashe garkuwar, ya shiga shafin wani asibiti ya ce yana fama da ciwon kunne, ya sa lambarsa. Ya jira. Ba wanda ya kira sai asibitin. Sannan ya kunna ta, ya koma shafin nan dai, ya yi karatu mai zurfi a kan basir, irin mai tsiro, ya nemi ganin likita. A gurbin lamba ya sa ta Injiniya.

Daga nan ya mayar da shagon Injiniya wurin hirarsa. Kullum da la'asar yana kan benci tsakanin kwalayen caja, sanda a tsakanin gwiwoyi. Injiniya ya ɗauka kaɗaici ne, har lemo yake saya masa. Shi mutum ne da ba ya kara waya a kunne, sai dai ya saki lasifika ya ajiye ta a kan kanta, don a san ana nemansa.

Ranar da kiran ya zo akwai 'yan mata biyu suna zaɓen murfin waya, da wani dattijo mai jiran a manna masa gilashi.

"Ranka ya daɗe, mun samu labarin larurarka ta basir."

"Ta me?"

"Basir, ranka ya daɗe, mai tsiro. Mun san zama yana yi maka wuya. Muna da man shafawa..."

"Kai! Uban wa ya ce maka ina da basir?"

"Daga wajen iyali muka..."

Injiniya ya kashe wayar har tana faɗuwa. 'Yan matan suka fita da gudu suna riƙe baki. Dattijon ya ce Allah ya sawwaƙe, shi ma ya yi fama, a rage yaji.

"Ni ne iyalin," in ji Jan Biro.

Ya gaya masa komai, bai ɗaga murya ba. Ya gaya masa abin da ya tono a 'yan kwanakin da ido ɗaya da rabi. Wanda ya ƙirƙiri garkuwar ya daɗe da sayar da ita ga wasu da ba su da adireshi sai akwatin gidan waya. Masu yabon da suka ba ta taurari, rabinsu jimla ɗaya suka rubuta, da kuskure ɗaya a wuri ɗaya. Tana korar masu leƙe da gaske, don kar a raba ganima da ita. Duk abin da aka rubuta a shafi tana kwashewa, ciwo da lamba da abin da mutum ya tambaya yana shi kaɗai, ta sayar wa mai saye.

"Haka suka kira Tilo," ya ce. "Haka yayarka ta mutu tana ganin ni na tona mata asiri."

Injiniya ya zauna a kan kwali, kwalin ya lotse.

"Yaya, wallahi ban sani ba. Kowa shi yake sawa."

"Mutum nawa ka sa wa?"

"Duk wanda ya kawo kwamfuta."

"Madalla. Ka yi wa unguwa hidima."

"To ai ba ku gaya min abin da ake ɓoyewa ba!" Muryarsa ta fashe. "Ce min kuka yi talla. Da na san ciwo ne... Yayata ce fa. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ma sai a bakin Tilo na ji."

"Da ka sani da me za ka yi? Ka nemo mai taurari shida?"

"Kai da ka iya karatu, ai a gabanka na danna."

Jan Biro ya miƙe. Ya ɗaga sandarsa, ya rasa ko kan Injiniya zai sauke ta ko kan gilashin kanta. Bai sauke ta ko'ina ba.

"Ka bi su gida gida ka cire," ya ce. "In ka bar ko ɗaya, gobe ciwon sanyi zan rubuta, in sa lambar surukarka."

Daga shagon gidan Tilo ya wuce. Ya same ta a tsakar ɗaki tana shayar da yaron, wanda ya fara yin kumatu. Ya zauna a bakin kujera ya maimaita bayanin, wannan karon a gajarce. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama hawaye na zuba a kan zanen goyon.

"Baba, ni ma na ɗauka kai ne. Na ce ko tausayina ka ji."

"Tausayi. Sai in ba ɗan damfara lambarki don tausayi."

"Ka yi haƙuri."

"Mamanki ta yi miki maganar?"

Tilo ta sauya wa yaron nono kafin ta amsa.

"Sau ɗaya. Ana gobe za ta rasu."

"Me ta ce?"

"Ta ce kar in riƙe ka a zuciya. Ta ce kai ba ka iya ɗaukar abu kai kaɗai ba, ba da mugunta ka yi ba. Ta ce ita ta yafe maka."

Da mari aka yi masa da ya san inda zai sa hannu. Ta yafe masa. Ta kwanta da ciwon da ke cin hantarta, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta kashe shi wajen yafe laifin da ba a yi ba. Wani ƙato kuma yana can wani ɗaki mai sanyi, ya sayar da gefen damanta da tsoronta a farashin da bai kai na kofin shayi ba, kuma ko sunanta bai sani ba.

"An gode mata," ya ce. Ya tashi ya fita bai taɓa yaron ba. A bakin ƙofa ya dawo ya taɓa shi.

Washegari da safe ya zauna gaban kwamfutar. Sai da ya fara zaɓen wadda za ta maye gurbin garkuwar, ya yi shi kamar mai zaɓen mijin 'ya. Wa ya yi ta, ina yake, da me yake ci tunda kyauta ce. Ya nemi wadda aka baje cikinta a fili kowa ya duba, wadda waɗanda ba su da riba a ciki suka bincika. Ya karanta izinin da take nema kalma kalma. Guda ɗaya ya sa, don ya gane kowane ƙari baƙo ne da aka ba makullin gida. Aikin bai ɗauke shi ko wuni ba. Wannan ma ya ƙara masa haushi.

Sannan ya danna cire garkuwar. Ba ta tafi shiru ba. Wani shafi ya buɗe da hoton fuska mai hawaye. Sun yi baƙin cikin rabuwa da shi, in ji su, ko zai gaya musu dalili? Ga fili an bar masa.

Ya ɗora yatsu a kan madannai. Yana da abin faɗa, shi da bai taɓa rasa magana ba. Zagi iri iri ya zo masa, tsararre, da waƙafi a inda ya dace. Sai ya tuna waɗannan mutanen ko zagi aka ba su sayarwa za su yi. Ya rufe shafin.

Ya juya kujerar ya fuskanci falon. A can Malama ta tsaya ranar, kusa da Tilo, kofin ruwa a hannunta. Tambaya ta yi masa, gajeriya, irin wadda yaro ma zai iya amsawa. Ba hujja ta nema ba, ba mai laifi ta ce ya kamo mata ba. Shi da ya yi rayuwarsa yana rage wa mutane surutu a takarda, yana ce musu su faɗi abu kai tsaye, aka zo kansa ya kasa. Amsar tana nan tun ranar, ba ta buƙatar gyara ko ɗaya.

Malama, ban gaya wa kowa ba.